Rezin ɗaya ne, amma efoksina yana fitowa da hali iri-iri: mene ne aikin sinadarin taurarawa?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan efoksi, wato robar nan da ke daskarewa idan aka gauraya rezin da sinadarin taurarawa, tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma zan faɗi abin da na yi dalla-dalla domin masu sani su ga inda kuskurena yake.

Ina da rezin na ruwa guda ɗaya, irin wanda ake yi daga bisfenol A, kuma takardar bayaninsa ta nuna cewa nauyin daidaitonsa, wato lambar da ake lissafin haɗi da ita, 190 ne. Ina kuma da sinadaran taurarawa iri biyu. Na farko TETA ne, ruwa tsararo mai wari kamar na amoniya, wanda takardar ta ce a zuba giram 13 a kan kowane giram 100 na rezin. Na biyu foliyamayid ne, mai kauri da yauƙi da launin ruwan ƙasa, wanda shi kuma aka ce a zuba giram 60 a kan giram 100. Na zuba sanduna biyu masu tsawo ɗaya da kauri ɗaya, na bar su mako guda a ɗaki mai ɗumi kimanin digiri 25 a ma'aunin Salshiyas.

Sandan TETA ya fito garau, idan na ƙwanƙwasa shi a kan tebur sai ya yi ƙara kamar gilashi, amma da na danne shi a tsakiya sai ya karye farat ɗaya, bakin karayar sumul yana sheƙi. Sandan foliyamayid bai yi wannan ƙara ba, ya lanƙwasa sosai, wurin lanƙwasar ya yi fari kafin ya tsage. Wannan ne abu na farko da ya ɗaure mini kai, tun da rezin ɗin daga gwangwani ɗaya na ɗebo.

Abu na biyu ya fi ba ni mamaki. Na saka guntayen duka biyun a ruwa mai zafin digiri 70, sai ga shi har na TETA ya yi laushi ina iya murɗa shi da hannu, alhali takardar ta ce yana jure zafin da ya haura digiri 100. Sai na yi zaton sinadarin ne ya yi kaɗan, na sake haɗawa da giram 20 maimakon 13 domin ya ƙara tauri. Sakamakon ya zama akasin abin da na nema: ya fi na farko laushi, kuma bayansa ya yi wani maiƙo wanda farce ke kankarewa. A ranar kuma na haɗa kusan giram 300 a kofin roba na ajiye ina gyara mazubi, kafin minti 20 kofin ya fara hayaƙi, ya narke ta gefe ɗaya, abin da ke ciki ya daskare ya yi ja ya tsattsage.

Tambayata ita ce, mene ne ainihin abin da sinadarin taurarawa yake yi a cikin rezin, kuma ta yaya mutum zai dubi tsarin sinadarin ya san irin efoksin da zai samu? Ba girke-girken "zuba kaza a kan kaza" nake nema ba, dalili nake so in fahimta. Na gode.

Malamar Kimiyya ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Ka kyauta da ka kawo lambobi, domin da su za a iya warware kusan duk abin da ka gani.

Tushen ruɗanin shi ne ɗaukar sinadarin taurarawa a matsayin abin da ke tayar da aiki kawai ya koma gefe. Wannan fahimta daidai ce a rezin na foliyesta, inda ake ɗiga kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na sinadarin tayarwa, kuma ƙara shi kaɗan yana hanzarta daskarewa. A efoksi mai taurara da emin, wato sinadari mai naitirojin dangin amoniya irin TETA ɗinka, lamarin ba haka yake ba. Sinadarin yana shiga cikin ginin ne ya zama ɓangaren jikinsa har abada. Abin da ka zuba a mazubi ba rezin ne da ya bushe ba, sabon abu ne da aka saƙa daga zare iri biyu, don haka idan ka sauya zare ɗaya dole saƙar ta sauya.

Ga yadda saƙar take. Kowace ƙwayar rezin ɗinka tana da zoben efoksi a kowane ƙarshe, wato hannu biyu. Zoben ƙarami ne, na ƙwayoyin zarra uku kacal, kabon biyu da oksijin ɗaya, kuma a matse yake, shi ya sa yake saurin buɗewa. A ɓangaren emin kuwa, kowane haidirojin da ke manne da naitirojin hannu ɗaya ne da zai iya buɗe zobe ɗaya. TETA tana da irin wannan haidirojin guda 6, nauyin ƙwayarta kuma 146 ne, idan ka raba 146 gida 6 za ka samu kusan 24. Ka raba 24 da 190 na rezin ɗinka, ka ninka sau ɗari, sai ka ga 13 ɗin da takardar ta ba ka. Ashe lambar ba shawara ba ce, lissafi ne na hannu ɗaya ga hannu ɗaya. Da ka zuba giram 20 ka kawo hannuwan emin da suka zarce zoben da ke akwai da fiye da rabi, sai yawancin ƙwayoyin TETA suka kama ta wuri uku ko huɗu maimakon shida, ragar ta cika da bakin zare masu reto, ƙulle-ƙullenta suka ragu. Laushin da ka gani ke nan. Da ka rage sinadarin ƙasa da 13 ma, irin wannan raunin za ka samu ta ɗaya ɓangaren, zoben efoksi ne za su saura ba a buɗe ba.

Yanzu ga batun karyewa da lanƙwasa. Abubuwa biyu ake dubawa a jikin sinadarin taurarawa: yawan hannuwansa, da kuma irin ƙashin bayan da ke tsakanin hannuwan, gajere ne ko dogo, sanƙararre ne ko mai lanƙwasuwa. A TETA, kabon biyu ne kawai tsakanin naitirojin da naitirojin, don haka ƙulle-ƙullen suna kusa da juna ƙwarai, kuma idan tsaga ta fara babu inda sarƙoƙin za su miƙe su shanye ƙarfin, sai ta ratsa kai tsaye. Foliyamayid ɗinka kuwa ana yin sa ne daga asid na man tsirrai da aka haɗa bibbiyu, wanda ke ba da sarƙa mai kabon 36, sannan a liƙa mata irin su TETA ɗin a bakinta. Wannan doguwar sarƙa mai maiƙo ita ce ke shiga tsakanin ƙulli da ƙulli, ita ta ba ka lanƙwasa, ita ce kuma ta sa ake buƙatar giram mai yawa, domin hannuwan sun warwatsu a cikin nauyi mai yawa.

Ma'aunin da ya fi nuna wannan bambanci shi ne wanda ake kira Tg, wato zafin da efoksi ke barin halin gilashi ya koma halin roba. Idan aka ɗauki rezin irin naka aka gasa shi har aikin ya kammala, emin ɗin da ake kira foli-ita-emin, mai nauyin ƙwaya 230, wanda ƙashin bayansa ke da oksijin mai sauƙin juyawa, yana ba da Tg na kimanin digiri 80 zuwa 90, ɗan'uwansa mai nauyin 400 kuma yana saukar da shi zuwa wajen digiri 50. TETA tana kaiwa kimanin 120. Wani emin mai suna IPDA, wadda ke da zoben kabon shida da ba ya lanƙwasuwa da sauƙi, tana kaiwa wajen 150. Masu zoben benzin, irin su DDM da DDS, suna haura 160, kuma DDS tana iya kusantar 200. Rezin bai sauya ba a duk wannan jerin, amma tazarar da ke tsakanin na ƙasa da na sama ta kai kusan digiri 150.

Sai dai kowane ƙari yana zuwa da farashinsa. Naitirojin da ke zaune a kan zoben benzin ba shi da kuzari, domin zoben yana janye masa lantarkin da zai kai hari da shi, kuma a DDS akwai rukunin salfon da ke ƙara janyewa. Shi ya sa DDS gari ce da ba ta narkewa sai wajen digiri 175, kuma ana gasa ta a kimanin digiri 180, kamar yadda ake yi wa sassan jiragen sama na zaren kabon. A gefe guda, wannan DDS ɗin ita ce maganin nan dafson da ake bai wa masu cutar kuturta, sinadari ɗaya ne da aiki biyu. Batun ruwan zafi na digiri 70 kuwa yana da nasa dalilin daban, amma kafin in faɗa, ina so ka saka ragowar sandan TETA na farko a tanda mai digiri 100 na tsawon awa biyu, ka bar shi ya huce a hankali, sannan ka sake gwada shi ka dawo mana da labari.

Mai Zubin Kayan Lantarki ya amsa:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa a kan emin. Ni zan tsaya a kan kofin da ya yi hayaƙi, domin na taɓa yin asara ta wannan hanya, kuma ita ce ta kai ni ga fahimtar dalilin da ya sa masu aikin lantarki suka fi son wani iyali dabam.

Duk zoben efoksi da ya buɗe yana sakin zafi, kimanin kilojul 100 a kan kowane mol, wato adadin zoben da ke cikin giram 190 na rezin ɗinka. A haɗinka na giram 113 akwai kusan rabin mol na zobe, wato sama da kilojul 50, kuma idan zafin bai samu hanyar fita ba ya isa ya ɗaga haɗin da fiye da digiri 200. A sanda siriri zafin yana tserewa ta jikin mazubi, ba ka ma lura da shi. A kofi kuwa efoksin da kansa ba ya watsa zafi, tsakiyar tana ɗumama, ɗumin yana hanzarta aikin, kuma a ƙiyasin da aka saba da shi kowane ƙarin digiri 10 yana ninka saurin aikin kusan sau biyu. Ƙari a kan haka, duk zoben da ya buɗe yana haifar da rukunin haidiroksil, shi kuma yana taimaka wa zobe na gaba ya buɗe. Wuta ce mai hura kanta. A farkon aikina na cika akwatin wani ƙaramin taransifoma da haɗin emin mai sauri, kaurinsa kusan santimita 6. Da safe na tarar da samansa lafiya lau, amma da na haska fitila ta gefe sai na ga tsaga ta taso daga kusurwar ƙarfen ciki ta yi reshe har uku, tsakiyar kuma ta yi duhu kamar an ƙona ta. Abin ya daskare ne yana da zafi ƙwarai, da ya huce ya tsuke, ƙarfen bai tsuke tare da shi ba.

Don haka ne ake amfani da anhaidirayid, wato asid da aka cire wa ruwa, a manyan zubi, irin su MTHPA da MHHPA. Ba sabon abu ba ne, domin Pierre Castan na Suwizalan, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara samar da efoksi a ƙarshen shekarun 1930, da anhaidirayid na fitalik ya taurara nasa. Ana zuba kimanin giram 80 zuwa 90 a kan giram 100 na rezin, tare da ɗan ƙaramin mai hanzartawa kamar imidazol ko emin marar haidirojin a kan naitirojinsa. Haɗin yana da ruwa-ruwa, yana ratsa tsakanin wayoyi, yana ɗaukar garin silika mai yawa, yana zama awanni ba tare da ya daskare ba, kuma zafin da yake fitarwa a kowane giram bai kai na TETA ba. Ana fara gashinsa a wajen digiri 80 zuwa 100, sannan a ɗaga zuwa 130 ko 150. Ƙullin da yake yi na esta ne, kuma ba ya barin haidiroksil da yawa a cikin ragar, shi ya sa ba ya shan danshi sosai kuma yana tare lantarki da kyau ko da ya yi zafi. Rauninsa kuma daga estar yake: ruwan alkali mai ƙarfi, musamman mai zafi, yana tsinka ta, alhali ƙullin kabon da naitirojin na emin ba ya damuwa da alkali. Akasin haka, efoksin emin ya fi jin jiki idan ya gamu da asid irin na asetik. Sannan gwangwanin anhaidirayid ba a barin sa a buɗe, domin danshin iska yana mayar da shi asid, ka ga ya yi gurɓi ko ƙanƙara a ƙasa, lissafin haɗin ya lalace.

Akwai kuma masu kwanciya shiru har sai an ji zafi. DICY, wato dicyandiamide, gari ce da ba ta narkewa a cikin rezin a zafin ɗaki, ana zuba giram 4 zuwa 8 kawai, haɗin ya yi watanni a ajiye, sai an kai shi wajen digiri 160 zuwa 180 take farkawa, ko kimanin 120 idan an sa mata mai hanzartawa. Da ita aka daɗe ana yin allunan kayan lantarki na FR-4. Amma da dokar Tarayyar Turai ta hana darma a ƙarfen liƙi daga shekarar 2006, zafin narkewar ƙarfen ya tashi daga digiri 183 zuwa kusan 217, allunan DICY da yawa suka riƙa kumbura suna rabewa, sai masana'antu suka karkata ga masu taurarawa na fenol nobolak, waɗanda suka fi jure zafi kuma ba sa shan ruwa kamar DICY, ko da yake sun fi gautsi wajen huda rami. A ganina ƙa'idar ita ce, gwargwadon yawan ƙulli gwargwadon tauri da ƙarfi.

Tsohon Mai Fentin Ƙarfe ya amsa:

Ɗan'uwa, maiƙon nan da farcenka ya kankare na san shi sarai, kuma ina roƙonka kada ka shafa komai a kansa. Ƙananan emin irin su TETA da DETA suna son ruwa kuma suna tasowa saman shafi, a can su haɗu da iskar kabon dayoksayid da danshi su zama gishirin kabamet. Wani lokaci maiƙo yake yi, wani lokaci fari-fari kamar hazo. Yana ƙaruwa idan akwai sanyi da laima, domin aikin taurara yana tafiyar hawainiya, emin ɗin ya samu lokacin da zai yi hulɗa da iska, kuma yana ƙaruwa idan an zuba sinadarin fiye da kima kamar yadda ka yi. Na taɓa shafa fenti na biyu a kan irin wannan a jikin wata tankar ƙarfe, bayan kwana kaɗan na sa wuƙa a gefe, fentin ya taso fankam-fankam kamar fatar da aka saɓule, ƙasansa yana santsi. Tina ba ta wanke shi yadda ya kamata, ruwan ɗumi da sabulu da soso ne maganinsa, a bari ya bushe sannan a goge da samfefa. Idan ka fara da samfefa, cusa shi kake yi cikin ƙofofin shafin.

Wannan ne ya sa masu yin fenti ba sa cika ba ka emin tsurarsa. Ko dai su fara haɗa shi da ɗan rezin tun a masana'anta domin ƙwayar ta yi girma ta daina tashi, ko su ba ka foliyamayid, wanda doguwar sarƙarsa ke korar ruwa, tana manne wa ƙarfe da kyau, kuma tana yafe ɗan kuskuren awo. Foliyamayid yana son a bar haɗin ya huta minti 15 zuwa 30 kafin a shafa, kuma ba ya jure sinadarai masu narkarwa kamar yadda emin mai zobe yake jurewa. Akwai kuma fenalkamin, wanda ake yi daga man ɓawon kashu. Yana da doguwar jela mai kabon 15 da ke korar ruwa, da kuma fenol a jikinsa da ke hanzarta aikin, don haka yana taurara ko da sanyi ya kusa digiri sifili, har a kan ƙarfe mai ɗan laima, shi ya sa ake yawan amfani da shi a jiragen ruwa. Aibinsa duhun launi. Gam ɗin nan kuma da ake ce wa na minti biyar, da makaftan ake taurara shi, sinadari mai salfa da wari, yana da sauri amma ba ya jure zafi ko jiƙa mai tsawo.

Abu ɗaya zan ƙara da babbar murya: ka sa safar hannu ta naitiril, ka yi aiki inda iska ke ratsawa. Emin yana ƙona fata, kuma shi da rezin ɗin duka suna iya sa jiki ya ƙi su, wanda idan ya faru ba ya cika komawa, ɗan taɓi kaɗan sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Turirin anhaidirayid yana jawo asma, DDM kuma tana cikin sinadaran da ake zargi da haddasa ciwon daji kuma tana lahanta hanta.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Malama, na yi yadda kika ce. Bayan awa biyu a digiri 100, sandan ya ɗan ƙara rawaya, kuma da na mayar da shi ruwa mai digiri 70, har ma na ƙara zuwa tafasa, na kasa murɗa shi ko kaɗan. Na gasa na giram 20 ɗin ma tare da shi, ya ɗan gyaru amma har yanzu yana laushi a ruwan zafi. Abin da ban gane ba shi ne, a zafin ɗaki na rataya nauyi ɗaya a kan gasasshen da wanda ba a gasa ba, kuma ban ga gasasshen ya fi ƙin lanƙwasa ba, kamar ma ya ɗan fi saukowa. Idan ƙulli ya ƙaru, me ya sa bai fi sanƙarewa ba, kamar yadda Malam mai zubin lantarki ya faɗa?

Malamar Kimiyya ta sake amsawa:

Madalla da wannan gwaji, kuma idonka bai yaudare ka ba.

Bari in fara da abin da na ɗage. Yayin da ragar ke saƙuwa, Tg ɗinta yana hawa a hankali daga ƙasa da sifili. Da farko haɗin yana kaiwa matakin da ya daina gudana, wanda a lissafin masanin kimiyya Paul Flory yana faruwa ne idan kusan kashi 58 cikin ɗari na hannuwan sun kama ga emin mai hannu huɗu, ga mai hannu shida kamar TETA kuma tun wajen kashi 45. Aikin yana ci gaba bayan haka, har Tg ya cim ma zafin wurin da ake taurarawar ya ɗan wuce shi. Daga nan abin ya zama gilashi, sarƙoƙin sun daskare a inda suke, zoben da ya saura da haidirojin da ya saura suna iya zama kusa da juna amma ba su da motsin da za su haɗu. John Gillham na jami'ar Princeton ya shahara da zayyana wannan a taswirar lokaci da zafi. Don haka sandan da ya yi mako guda a digiri 25 yana tsayawa ne da Tg na wajen digiri 50 zuwa 60, ko da ka bar shi wata shida ba zai matsa sosai ba. Lambar da ke takardar ta wanda aka gasa ce. Tandar ta mayar masa da motsi, ragowar hannuwan suka kama. Na giram 20 kuwa kusan babu zoben da ya saura da zai kama, gashi ba ya ƙirƙiro abin da babu. Wannan ne kuma dalilin da ya sa yawancin sinadaran da ake sayarwa don aikin zafin ɗaki suke ɗauke da barasar benzil: tana hanzarta aikin tana kuma sassauta ragar domin ya yi nisa kafin ya daskare, amma tana zama a ciki ta rage Tg na ƙarshe.

A kan maganar Malam mai zubin lantarki, da girmamawa, ƙa'idar tana bukatar gyara. Yawan ƙulli yana ɗaga Tg, yana hana sinadarai masu narkarwa shiga, kuma shi ke iko da tauri idan an haura Tg. Amma a ƙasa da Tg, abin da ke hana lanƙwasa shi ne yadda sarƙoƙin suka cunkushe da yadda suke jan juna, ba adadin ƙulli ba. Shi ya sa kusan duk efoksin da ba a cusa masa gari ko zare ba yake da ma'aunin sanƙarewa na wajen gigafaskal 3 a zafin ɗaki, na TETA ne ko na DDS. Har ma an sha auna cewa cikakken gashi yana ɗan rage wannan ma'auni, domin ƙulle-ƙullen suna hana sarƙoƙin kwanciya a jikin juna, sai ƙananan gurabe su saura a tsakani. Abin da ka gani da nauyinka ke nan. Amma ka gwada karya su: wanda ba a gasa ba yakan fi gautsi, domin ragarsa ba ta kammala ba, gasasshen kuma yakan miƙe kaɗan kafin ya tsinke.

Waɗannan guraben, tare da haidiroksil da naitirojin da emin ke bari, su ne ke jawo ruwa. Efoksin emin mai ƙulli da yawa yana iya shan kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na nauyinsa idan ya daɗe a laima, kuma kowane kashi ɗaya yana iya sauke Tg da digiri 10 zuwa 20. Saboda haka idan abin da za ka ƙera zai zauna cikin ruwan zafi, kada ka dogara da gwajin minti kaɗan da ka yi. Ka auna gasasshen guntun a sikeli mai nuna miligiram, ka jiƙa shi mako biyu a ruwa mai digiri 70, ka goge shi ka sake aunawa, sannan ka gwada murɗa shi yana cikin zafin. Ka faɗa mana kuma kaurin abin da kake son zubawa da zafin da zai yi aiki a ciki, domin idan kaurin ya wuce santimita 2, TETA ba za ta dace ba, sai mu duba tsakanin IPDA da foli-ita-emin.